Rafin Bayan Sabo: Daga Ganyen Fita Zuwa Leda



Ranar Asabar ɗin ƙarshen watan jiya, ana idar da sallar asuba, matasan unguwarmu suka fito da shebur da manjagara da baro da buhunhuna, suka gangara rafin nan da ke bayan gidajenmu. Ba gwamnati ta sa su ba, ba kuma ɗan siyasa ya ba su ko sisi ba. Mu ma da ƙarfi ya fara ja baya muka bi su, muna riƙe bakin buhu muna sa albarka. Abin da aka tono daga cikin rafin ba ya faɗuwa: ledar fiya wata, robobin lemo, tsummokara, famfas ɗin jarirai, tayar babur, ruɓaɓɓiyar katifa, har da mushen akuya. Ana cikin aikin wani yaro da bai wuce shekara goma sha biyar ba ya ɗago kai ya ce mana, "Baba Malam, wai da gaske ne da can wannan kwatar ruwa ne mai kyau?"

Kwata ya ce, bai ce rafi ba. Kuma ba laifinsa ba ne, tun da ya buɗe ido haka ya gan shi. Tambayar tasa ce ta sa muka ga ya kamata mu zauna mu rubuta abin da muka ji daga iyayenmu da abin da muka gani da idonmu, domin wanda bai san yadda abu ya lalace ba, ba zai san ta inda zai fara gyara ba.

Yadda muka zo nan

Hausawa sun daɗe a Badun tun kafin Turawa su kafa mulki. Wasu fatauci ya kawo su, wasu kuwa, gaskiya ɗaya ce, bauta ta kawo su. Suna zaune a cikin tsohon gari tare da Yarabawa, ana kiwo, ana wanzanci, ana tufkar igiya, ana saye da sayarwa. Abin da ya buɗe ƙofa sosai shi ne jirgin ƙasa. Layin dogo ya iso Badun daga Ikko a 1901, ya isa Kano a 1911. Shanun da a da ake korowa da ƙafa, sammore yana kashe su a hanya, sai ga shi ana loda su a tarago. Goron da ke daɗewa a hanya yana lalacewa, sai ga shi yana isa Arewa cikin 'yan kwanaki. Shanu su gangaro Kurmi, goro ya hau Arewa. A kan waɗannan biyun aka gina arzikin kakanninmu.

Da baƙi suka yi yawa sai ƙorafi ya tashi a gari, ana zargin cewa ɓarayi suna fakewa a cikinsu. A 1916 hukuma ta yanka mana wannan wuri a wajen tsohon gari, gefen tudun Mokola, aka ce Hausawa su koma nan ƙarƙashin sarkinsu, shi zai riƙa amsa tambaya a kansu. A lokacin mai garin Bale ake ce masa, sai a 1936 aka fara kiran sarautar Olubadan. To kun ji asalin Sabo. Mu lura da wannan: tun ranar farko, zamanmu a nan yana rataye ne da irin shaidar da masu gari suke yi mana.

Wani Bature mai bincike, Abner Cohen, ya zauna da iyayenmu a 1962 zuwa 1963, ya kuma fitar da littafi a kan Sabo a 1969. A ƙidayarsa mutanen unguwar kimanin 4,000 ne. Yau ku dubi yawanmu, ku dubi gidajen da aka ƙara, da ɗakunan da aka tsaga gida biyu gida uku. Mutane sun ninka, amma rafin nan bai ƙara faɗi ko da taƙi ɗaya ba. Ragewa ma ya yi.

Lokacin da shara take ruɓewa

Dattawan da muka taras sun ba mu labari cewa a wannan rafin ake wanki, yara suna wanka suna kama ƙananan kifaye, matafiyi ya tsuguna ya yi alwala ba tare da shakka ba. Ruwan famfo bai zo garin da ƙarfi ba sai da aka gina madatsar Eleyele a kan kogin Ona a 1942. Kafin nan, har ma bayan nan a gidaje da yawa, rijiya ce da rafi.

Kada mu yi wa kanmu ƙarya mu ce mutanen da ba sa zubar da shara a ruwa. Suna zubarwa. Amma mece ce shararsu? Ganyen fita da ake naɗe huhun goro, tsohon kwando, toka, ɓawon doya, kashin shanu, ganyen da aka ƙunsa alala ko ƙosai. Fasasshiyar ƙwarya ce da tukunyar ƙasa. Duk abin da ka jefar, kafin damina ta zagayo ya ruɓe ya koma ƙasa. Mace za ta je kasuwa da kwandonta, mai nama ya naɗe maka tsire a takarda, mai fura ta dama maka a ƙwarya ka sha ka mayar mata da kayarta.

Ga kuma duba-gari, waɗanda Yarabawa ke kira wole-wole. Iyayenmu mata suna jin an ce ga su nan tafe, sai gida ya rikice da shara da wanke-wanke. Su leƙa randa, su leƙa masai, su duba magudana. In suka ga kwarkwaɗar sauro a randarki, sai tara. Mutane ba sa son su, amma suna tsoronsu.

Daga wancan zamani muka gaji wata ɗabi'a: da hadari ya haɗo, ruwa ya fara sauka, sai kowa ya fito da kwandon shararsa ya juye a magudana, wai ruwa zai tafi da ita. Ba mu kaɗai ba, duk garin haka ake yi. A lokacin ganye, ɗabi'ar ba ta nuna illarta da sauri. Sai dai ko a lokacin ruwa ya yi mana gargaɗi. A 1971 kwalara ta shiga garin nan ta kwashi mutane, kuma ba ta hanyar komai take yaɗuwa ba sai gurɓataccen ruwa da abinci.

Omiyale

Rafinmu ƙarami ne, amma ba a nan yake ƙarewa ba. Duk ruwan da ya sauka a kan tuddan garin nan gangara yake yi, ƙananan rafuka su zuba a manya. Babbansu a tsakiyar gari shi ne Ogunpa, wanda ya ratso ta Agodi, ya bi ta gindin kasuwa, ya wuce Oke-Ado da Molete, can ya je ya haɗu da Ona. Ogunpa ya yi ambaliya a 1960, ya sake a 1963, ya kuma yi a 1978. Kowane karo a yi kuka, a yi alkawari, a manta.

Sai ranar Lahadi, 31 ga Agusta, 1980. Mu a lokacin yara ne 'yan makarantar allo, ba a daɗe da yin ƙaramar salla ba. Aka wuni ana ruwa kamar da bakin ƙwarya. Masu awo sun ce ruwan da ya sauka a ranar ya kai milimita 274. Ogunpa ya cika ya tumbatsa, ya shiga gidaje, ya rushe wasu, ya share rumfunan kasuwa, ya kwashe motoci, ya lalata lambun Agodi da dabbobin da ake ajiye a ciki. Mutane suka hau rufin kwano suna kiran taimako, wasu ruwan ya tafi da su da rufin gaba ɗaya. An yi asarar rayuka masu yawa, dubbai suka rasa matsuguni. Yarabawa suka sa wa abin suna Omiyale, wato ruwa ya ratso gida. Bola Ige ne gwamna a lokacin, Shehu Shagari kuma yana shugaban ƙasa.

Abin da ba za mu manta ba shi ne washegari. Iyayenmu maza suka fita, wasu don duba kayansu da ke hannun abokan ciniki a kasuwa, wasu don taya neman gawa. Suka dawo jikinsu duk taɓo, ba mai iya cin abinci. Mun ji wani dattijo yana cewa, a bakin gada ya ga abin da ya tare ruwan: itace, katifu, kwanduna, tarin shara ya toshe ƙarƙashin gadar ƙam, ruwa ya rasa hanya sai ya bi ta cikin gidajen mutane. Ya ce, "Wa ya sani ko har da kwandon gidana a ciki?" Wannan maganar ta zauna mana a rai shekara arba'in da wani abu.

A farkon shekarun 1950 iyayenmu sun ware masallacin Juma'arsu a nan Sabo, muna da sarkinmu, muna da malamanmu, muna da harshenmu. Duk wannan an iya ware shi. Ruwa kuwa ba a iya ware shi. Abin da aka zuba a tudu, na gangare ne zai sha shi, ko Bahaushe ne ko Bayarabe, ko Musulmi ko Kirista.

Don adalci, ba shara kaɗai ta jawo Omiyale ba. An yi gine-gine har cikin hanyar ruwa. Gadoji da kwalbatoci da yawa sun yi ƙanƙanta. Ƙasar da a da take shanye ruwa an rufe ta da siminti da kwalta da kwano. Daga baya ma aka sare yawancin itatuwan dajin Agala da ke riƙe ruwa a kan tudu. Waɗannan aikin hukuma ne. Amma shara, wannan kam daga hannunmu take fita.

Tsaftar bulala

Bayan 1980 aka fara aikin faɗaɗa Ogunpa da yi masa bango na kankare. Aikin ya yi ta tsayawa yana tashi, ya ci shekaru masu yawa kafin ya yi kama da abin da kuke gani yau.

A watan Maris na 1984 gwamnatin Buhari da Idiagbon ta ƙaddamar da yaƙi da rashin ɗa'a. A 1985, a Kano, aka buɗe babin tsaftar muhalli, har da alkawarin naira miliyan 1 ga babban birnin jihar da ya fi tsafta. Daga nan tsaftar Asabar ɗin ƙarshen wata ta samo asali. Mun ga wannan da idonmu muna samari. Ba mota, ba buɗe shago, kowa ya fito da tsintsiya. Soja yana tsaye, wanda ya yi gardama ya sha tsallen kwaɗo. Wallahi magudanun Sabo sun yi fes a lokacin.

Amma me ya biyo baya? Da aka ajiye bulala sai aka ajiye tsintsiya. Asabar ɗin tsafta ta koma ranar barcin safe da ƙwallo a kan titi. Tsaftar da tsoro ya kawo, tare da tsoron take tafiya.

Zuwan leda

A daidai wannan lokacin ne kuma shararmu ta canja kama. Baƙar leda ta shigo kasuwa ta kori ganye da takarda da kwando. A shekarun 1990 fiya wata ta bazu ko'ina, saboda famfo ya daina kawo ruwa a kai a kai. Daga baya lemon kwalba ya koma roba, abincin biki ya koma robar tafi-da-gidanka, zanen goyo ya samu kishiya, wato famfas. Hannunmu bai daina abin da ya saba ba, yana ta jefawa a magudana. Amma abin da yake jefawa ya daina ruɓewa.

Ga yadda abin yake aiki, don yara su gane. Leda ba ta narkewa. Ruwa zai ɗauke ta har bakin kwalbati, ta maƙale a jikin wani itace ko ƙarfe. Ta biyu ta zo ta kwanta a kanta, roba ta zo ta tokare, yashi ya zo ya cike tsakani. Kafin wata biyu an samu bango. In an yi ƙaramin ruwa, sai ya kwanta a bayan bangon, ya yi baƙi, ya yi wari, sauro ya samu gidan haihuwa, ƙazantar ta riƙa tsatsafa cikin rijiyoyin da ke kusa. In an yi babban ruwa, sai ya haura ya shiga ɗakin wanda ya fi kusa, kuma galibi talaka ne, don shi ne ke haya a bakin rafi.

Ranar Juma'a, 26 ga Agusta, 2011, muna cikin goman ƙarshe na azumi, aka sake gwada mana. Wajen milimita 187 ya sauka cikin 'yan sa'o'i. Wannan karon ɓangaren Ona ya fi shan wahala. Madatsar Eleyele ta samu lahani, gadar Apete ta karye, Odo-Ona da Oke-Ayo suka nutse, jami'ar Badun ta yi asara mai yawa. Fiye da mutum 100 suka rasu. Mutane suna shirin salla, suka koma zaman makoki. Bayan haka gwamnatin Abiola Ajimobi ta rushe wasu gine-ginen bakin ruwa, a 2014 kuma Bankin Duniya ya amince da dala miliyan 200 don aikin hana ambaliya a garin. An yashe manyan rafuka, an gyara gadoji, an gyara madatsar. Madalla. Sai dai babu wata dala da za ta biyo ka har ƙofar gida ta riƙe maka hannu lokacin da za ka jefa leda.

Laifin namu

Bari mu fara da kanmu, mu 'yan kasuwa. Mu ne muke ƙulla wa mai sayen magi na naira hamsin leda, mu ƙara masa wata a kai. Mu masu limanci kuma, a ƙofar masallatanmu ake raba fiya wata sadaka ranar Juma'a da lokacin buɗa baki, a sha a yar a nan, iska ta kwashe zuwa magudana. An nemi lada ta ƙofa, an zubar ta taga. A gidajenmu kuwa, sai a ba almajiri ɗan canji a ce je ka zubar da shara. Ba mai tambayarsa ina zai kai. Yaro da nauyi a ka, ina zai nufa in ba rafi ba? Shi ya jefa, amma wanda ya aike shi ne mai sharar.

Alhali duk wanda ya zauna gaban malami ya buɗe Ishmawi ko Risala, da wuri ake koya masa hukuncin ruwa: in najasa ta canja launinsa ko ɗanɗanonsa ko warinsa, ba ya alwala, ba ya wanka. Malamanmu sun karantar da mu cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya hana ɓata ruwan da mutane ke amfani da shi, ya kuma ƙidaya kawar da abin cutarwa daga hanya a cikin ayyukan imani. Mun haddace wannan tun muna yara. Sai ga shi ruwan da kakanninmu suka yi alwala da shi, yau in ya fallatsar maka a riga sai ka je ka canja kafin ka yi salla.

Akwai kuma wata magana da muke yawan ji, wadda a ganinmu ita ce tushen ciwon: "Ai nan ba gida ba ne, nema muka zo." Mutum a nan aka haife shi, a nan aka haifi ubansa, kakansa yana kwance a maƙabartar garin nan, amma yana cewa shi baƙo ne. Hausawa sun ce baƙo raɓa ne. To raɓar da ta shekara fiye da ɗari ba ta bushe ba, ai ta wuce raɓa. Ba mu ce kowa ya manta da Kano ko Katsina ko Sakkwato ba. Amma sauron rafin nan 'ya'yanmu yake cizo, kuɗin asibiti daga aljihunmu yake fita.

Abin da matasan suka yi

Shi ya sa aikin ranar Asabar ya faranta mana rai fiye da yadda su matasan suke zato. Ba sabon abu suka ƙirƙiro ba. Gayya ce, irin wadda kakanninmu suke yi a gona da wajen jinkar ɗaki da gyaran ganuwa. Sun ɗauko ta ne suka kawo bakin rafi.

Kuma mun ga wani abu. Da aikin ya gangara wajen iyakar unguwa, sai maƙwabtanmu Yarabawa suka fara leƙowa. Wata tsohuwa ta tsaya tana ta cewa "Eku ishe," wato sannunku da aiki, ta aiko da ruwan sha. Kafin hantsi samarinsu sun fito da nasu shebur ɗin. Duk mun san abin da ya faru a kasuwar Shasha a Fabrairun 2021, yadda ƙaramar rigima ta zama wuta, aka rasa rayuka da dukiya. Ranar fitina ba a ƙulla zumunci, wanda aka ƙulla tun da ne yake amfani. Mutumin da kuka shiga taɓo ɗaya da shi, kuka ja katifa ɗaya daga cikin kwalbati, da wuya gobe a zuga shi a kanka.

Saura abin da zai sa wahalar tasu kada ta tafi a banza. Na farko, sharar da aka tono kada a bar ta a gaɓa, ruwan farko zai mayar da ita inda ta fito. A haɗa kuɗi gida-gida a kira motar shara ta kwashe a ranar. Na biyu, roba da ƙarfe kuɗi ne. 'Yan jari-bola, waɗanda yawancinsu 'yan'uwanmu ne, suna saye, a ware musu tun daga gida. Na uku, kowane masallaci da makarantar allo da Islamiyya a ajiye buhu ko durom a ƙofa, mu limamai mu riƙa tunatarwa. Na huɗu, a tsayar da lokaci: sau ɗaya kafin ruwa ya sauka a watan Maris, sau ɗaya kuma a Agusta kafin ruwan ƙarshen damina, don kun ga manyan ambaliyar nan biyu duk a ƙarshen Agusta suka zo. Iyayenmu mata, ku ne masu gida, in kuka hana kwandon shara fita lokacin ruwa, rabin aikin ya ƙare. Mai martaba Sarki da masu unguwanni kuma muna roƙon su sa baki wajen hukuma a kan kwalbatocin da suka yi ƙanƙanta, don wannan ya fi ƙarfin shebur.

Shi kuwa yaron da ya yi tambaya, amsar da muka ba shi a bakin rafin ita ce: e, da gaske ne, kakanka ya yi alwala a nan. Ya yi shiru yana kallon baƙin ruwan, sannan ya sunkuya ya ci gaba da jan manjagararsa. Wataƙila mu ba za mu ga ranar da ruwan zai sake yin fari ba. Amma shi yana iya gani.

Allah Ya yi wa matasanmu albarka, Ya saka musu da alheri. Allah Ya jiƙan waɗanda ruwa ya ci, Ya jiƙan iyayenmu da suka kafa mana wannan unguwa. Allah Ya ba mu damina mai albarka, Ya tsare mu da maƙwabtanmu daga sharrin ambaliya, Ya zaunar da garinmu lafiya. Amin.